Fuskoki a Igiyar Shanya

Mutumin ya shigo da buhu yana waiwaye. Abin da na fara gani ke nan, kuma bai yi mini ba.

A lokacin ina haya a wani gida a New Bell, a birnin Douala, can cikin unguwar Hausawa, lungun da mota ba ta shiga sai babur. Ɗaki ɗaya gare ni. Kekena na ɗinki yana baranda, inda rufin kwano ya ɗan leƙo tsakar gida. Mai gidan, Hajiya, ita ta ba ni wurin. Kakanninta daga Najeriya suka zo, a gidan aka haife ta, a gidan ta tsufa. Ba ta da mugunta, amma ba ta maimaita magana. Kafin in samu ɗakin nan na kwana a wuraren da ba na son tunawa. Miji ya rasu tun muna arewa. Gobara ta ci rumfata a kasuwa. Ruwa ya ci ɗakina a unguwar Nylon. Keken nan da ɗakin nan su kaɗai suka rage mini, shi ya sa kowa ya shigo sai na dube shi da kyau.

Barguna nake yi. Wasu na dariya, wai bargo a Douala, garin da gumi ke tashin mutum daga barci. Ba don 'yan gari nake yi ba. Direbobin manyan motoci ne ke saye, da fataken shanu, masu hawa arewa. Sanyin tudun Ngaoundéré yana kama su a hanya. Ina zuwa wajen masu gwanjo in kwaso triko, rigunan nan masu gajeren hannu, waɗanda suka rage a ƙasan dila ba mai so.

Triko ba atamfa ba ce. Tana miƙewa, kuma da almakashi ya taɓa ta sai bakin ya nannaɗe. Wanda bai sani ba zai ɗora a keke ya ga ɗinki ya karkace. Ni wankewa nake fara yi. In cire hannuwa da wuya, in raba gaba da baya. In tsoma a ruwan sitacin rogo, in shanya, in goge har ta yi tauri. Sannan in ɗora kwali a kan ƙirjin rigar, in zaga da alli, in yanke, duk su zo daidai. Kowane ƙyalle sai na yi masa shafi da tsohon zane don kada ya miƙe daga baya. In haɗa su layi-layi, in haɗa layukan. Bayan rigunan da hannuwan su nake shimfiɗawa a ciki don kauri. In rufe da atamfa, in bi da ɗinki tsaye da kwance don kada cikin ya taru wuri guda, in kalmashe baki. Aikin ke nan.

Mai buhun ɗan bensikin ne, masu ɗaukar fasinja a babur. Daga takalminsa na gane, da baƙin mai a farcensa. Ba yaro ba ne, furfura ta fara fito masa. Yana da tabo a haɓa. Hausarsa irin ta Fulani ce.

"Salamu alaikum, Inna. Ke ce mai barguna?"

"Ni ce."

"In mutum ya kawo kayansa, kina yi masa?"

"In kayan nasa ne."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ya tsuguna ya kwance bakin buhun. Riguna ne a ninke, farare yawanci, duk an juya cikinsu waje. Na ɗauki ɗaya na juyo ta. Fuskar mutum ce a ƙirji, saurayi, yana murmushi, da rubutu a ƙasa. Na ɗauki wata. Wata fuskar. Na ɗauki ta uku, na ajiye.

Na san su. Duk wanda ya zauna a Douala ya san su. Mutanen kudu in an yi musu rasuwa ba sa gaggawar binnewa kamar mu. Sukan ajiye gawa a asibiti, su tara dangi, su buga hoton mamacin a triko, kowa ya sa ranar jana'iza. A samu ɗaya ko biyu a akwatin mutum ba wani abu ba ne. Amma buhu guda, a hannun Musulmi, ban taɓa gani ba.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Nawa ne, Inna."

"Duk kai ka kashe su?"

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Titi ya kashe su. Abokan aiki ne."

Ya ce suna da ƙungiya a mahaɗar titi a Ndogpassi, inda suke jiran fasinja. Yawancinsu Kirista ne, shi da wasu kaɗan ne 'yan arewa. Duk wanda ya mutu a cikinsu, sai a buga riga, kowa ya sa, su raka gawa da babura suna danna hon. Shekara da shekaru yana wannan aiki, rigunan suka taru.

"To ka sa abinka mana."

"Da fuskar mutum a ƙirji zan shiga masallaci?"

"Ka bayar sadaka."

"Na gwada. Wanda na ba ya biyo ni ya mayar mini. Matata ta ce ba za ta ƙara kwana da su a ɗaki ba, wai mala'iku ba sa shigowa. Wani ya ce in riƙa goge babur da su." Ya dubi ƙasa. "In goge mai da fuskar wanda muka ci abinci kwano ɗaya?"

Ya ce yana shirin barin babur ya koma garinsu, can akwai sanyi. Bargo yake so. Amma ba irin wanda na saba ba. Ni zanen rigar nake fitarwa waje don ado. Shi kuwa yana so a haɗa fuskokin, sannan a rufe su da atamfa gaba da baya.

"Ba mai gani, Inna. Ni dai na san suna ciki."

Wannan maganar ce ta fi tsaya mini. A garin nan akwai abin da ake kira famla. Tsafi ne, wai mutum ya sayar da wani, wanda aka sayar ya mutu a nan, ya je can wani wuri yana yi wa mai tsafin bauta, dukiya na shigowa. Ni ban taɓa gani ba. Amma na ga mutanen da aka fasa wa gida saboda an ce suna yi. Kuma in da ni mai famla ce, ina son in kwana da waɗanda na sayar ba tare da kowa ya gani ba, irin bargon nan zan sa a yi mini.

"Wa ya turo ka wajena?"

"Wani direba."

"Wane?"

"Dogo, mai gemu."

"Rabin direbobi ke nan."

Na karɓa duk da haka. Damina ce ta yi nisa, hanyar arewa ta lalace, direbobi sun daina leƙowa, keke ya yi shiru. Ya sa mini lambarsa a waya, ya faɗi sunansa, irin sunan da kowane lungu akwai masu shi goma. Ya fita yana waiwaye kamar yadda ya shigo.

Da ya tafi na ja buhun ɗaki. Na bi rigunan ɗaya bayan ɗaya. Na matsa kalmasa ko an ɗinke laya a ciki. Na shinshina ko akwai turaren bokaye. Na duba ko da jini. Ban samu komai ba, sai warin akwati da na kananzir. Wasu sun sha sawa har sun yi laushi, wasu kamar sau ɗaya aka sa. Rashin samun komai bai kwantar mini da hankali ba. Mai wayo ba ya barin alama.

A ɗaki na wanke su, a ɗaki na cire hannuwa da wuya, na raba gaba da baya, na tsoma a sitaci. Sai batun shanya. Damina a Douala, in ka shanya abu mai sitaci a ɗaki, kafin ya bushe funfuna ta ci shi, baƙin tabo ya fito, ba ya fita. Dole sai iska da rana. Na jira har ranar da sama ta ɗan washe. Hajiya ta tafi suna, maza sun fita, yara suna makaranta. Na fito na shanya a igiyar tsakar gida, na juya fuskokin suna kallon katanga. Na ce da sun sha iska zan kwashe.

Abin da ban lura ba, farar triko in ta jiƙe ba ta ɓoye komai. Rana ta faɗo musu ta wajen katanga, hotunan suka fito ta baya. Fuskoki a jere, daga wannan ƙarshen igiya zuwa wancan.

Akwai wata 'yar haya a gidan, mutumiyar kudu, Kirista, mai soya benye, wato fanke, a ƙofar gida. Mami muke ce mata. Ta daɗe a cikinmu har tana jin Hausa. Ni nake yi wa 'ya'yanta facin kayan makaranta, ita kuma ta miƙo mini benye da zafinsa. Da layya mu kai mata nama, da Kirsimeti ta kawo mana shinkafa da kazar da ta sa mahauci Musulmi ya yanka. Ita ce ta shigo ɗiban ruwa. Ina kan keke na ji roba ta faɗi.

Ta tsaya gaban ƙyalle ɗaya. Ta ɗaga shi, ta juyo. Sannan ta yi ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba.

Ƙanenta ne. Ya rasu bara, a kan babur. Na san an yi mata rasuwa, na ma je na ce mata ashiya kamar yadda suke gaisuwa, amma ban san fuskarsa ba. Abin da kuma ban sani ba, danginsu ba su taɓa yarda mutuwar Allah ce ba. Wai a titi fili ya faɗi, ba mota, ba rami. Tun lokacin suke neman wanda ya sayar da shi. Ga shi yau a igiyata, an yanke wuyan rigar daidai saman kansa, an cire hannuwa.

"Ke ce! Mama Awusa, ashe ke ce! Muna cin abinci tare, ashe ke ce!"

"Aiki aka kawo mini."

"Wa ya kawo?"

"Wani ɗan bensikin."

"Ina yake? Waye shi?"

Na faɗi sunan. Ta yi wata irin dariya. Ta koma Faransanci da yarensu, ta fita ƙofar gida tana kiran mutane.

New Bell ba a kiran mutane sau biyu. Kafin in kwashe rabin shanyar tsakar gida ta cika. Na ga yadda ake yi wa ɓarawo a unguwar nan, taya da fetur ba sa nisa. Na koma bakin keke na zauna, na sa hannu a kan almakashi. Magana a irin wannan wuri ƙara wuta take. Wani ya ce dama yana mamakin yadda mace ke sayar da bargo a garin zafi ta rayu. Wata da na ɗinka wa zanen goyo ta ce ai tun ranar ɗanta ke zazzaɓi. Waɗannan namu ne, Hausawa, ba mutanen Mami ba.

Allah ya kawo Hajiya. Ta ratso su da sandarta, ta dubi igiya, ta dube ni.

"Duk wanda ba ya kwana a gidan nan ya fita."

Suka fita suna gunaguni. Ta sa aka rufe ƙofa. Ta sa na kwashe ƙyallayen a jiƙe na mayar buhu, ta jefa a ɗakin gawayi ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zanenta. Mami ta ce a ba ta na ƙanenta. Hajiya ta ce ba mai taɓa komai tukuna.

"Baiwar Allah, matattu kika kawo mini gida?"

"Riguna ne, Hajiya."

"Na ga riguna. Ki nemo mai su ya yi bayani a gaban matar nan. In Juma'a ta wuce ba ki kawo shi ba, ki kwashe kekenki. Ba zan bari a ƙone mini gidan ubana saboda bargo ba."

Na kira lambar. A kashe. Na sake kira da yamma, na kira washegari. A kashe. Nan na ce lallai an yi da ni. Mutumin ya ga asirinsa zai tonu, ya nemi wawiyar da zai sauke wa kaya, ya samu.

Na hau babur zuwa Ndogpassi. Mahaɗar titi ba ɗaya ba ce a can, kowace da 'yan bensikin ɗinta a ƙarƙashin rumfa. Na bi su ina faɗin suna. Nan su ce akwai uku, can su ce akwai biyu, a kira su, ba shi ba. Ruwa ya dake ni. Su ma ba su yarda da ni ba. Wani ya ce, "Mama, 'yan sanda ne suka aiko ki?" Wani ya ce, "Ko kuɗin ciki ake nema? Ai kin wuce nan, Mama." Suka fashe da dariya.

A wata rumfa kusa da masu gasa kifi na daina faɗin suna. Na ce, "Ina neman ɗan arewa mai tabo a haɓa, wanda ke tara rigunan jana'iza."

 Wani babba a cikinsu, mutumin kudu, ya tashi daga kan babur ɗinsa. Da Hausar kasuwa ya yi mini magana.

"Me ya yi miki?"

"Ya bar mini kaya."

"Wane kaya?"

"Ku. Abokanku."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce mutumin ya faɗi, mota ta buge shi, yana gida a kwance. Ya ce in hau ya kai ni. Na hau, amma ina lura da hanya, ina riƙe da bakin gyalena inda na soke allura babba. In ya nufi daji na san abin da zan yi. Bai nufi daji ba. Nylon ya shiga, lungunan da na sani, har yanzu da alamar ruwa a bangaye.

Matarsa ta tare ƙofa. "In kayan nan kika dawo da su, Inna, ki juya da su."

"Hannuna kin ga kaya?"

Yana kwance a tabarma, mai ɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Wayar ta farfashe ranar da ya faɗi. Ya yunƙura zai gaishe ni, na ce ya bari.

"Ka sa an kusa ƙone ni."

Na faɗa masa duka. Ya rufe fuska da hannu. Matar daga bakin ƙofa ta ce, "Na faɗa masa. Yana fitar da su daga gida suka ja shi. Matattun ba su so." Na dube ta. Da ita ce ta ce a fitar.

Ba ya iya tashi, balle hawa babur. Na koma na gaya wa Hajiya. Ta ce to Mami ta je. Mami ta ce za ta je, amma ba za ta hau babur ɗaya da ni ba. Muka tafi a biyu, nata a baya, don ta riƙa ganina.

Ba ta zauna ba da muka shiga. Ba ta gaishe shi ba. Da Faransanci ta yi masa tambaya, ina tsintar abin da na iya, matarsa na ƙarasa mini.

"Ka san ƙanena?"

"Na san shi, yaya."

"Kada ka ce mini yaya. Ina aka binne shi?"

Ya faɗi ƙauyen. Ta ce kowa zai iya sanin wannan, an rubuta a rigar. Ya ce motar gawa ta maƙale a taɓo kafin gada, sai 'yan babur suka sauka suka ɗauki akwatin a kafaɗa. Shi yana riƙe da gefen ƙafa, takalminsa ɗaya ya tsaya a taɓon, da ƙafa ɗaya ba takalmi ya isa kabari. Ya ce da aka zo cin abinci ya koma gefe, don akwai alade. Sai wata mata ta lura, ta ɗauko sabuwar tukunya ta dafa masa kifi shi kaɗai, ta zuba barkono har ya yi hawaye, mutane suka ɗauka kukan mamaci yake.

Mami ta zauna a ƙasa. Ita ce ta dafa kifin.

Na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Ta share fuska ta ce, "To me ya sa ka bayar aka yanke masa wuya?"

"Riga aka yanka, ba shi ba."

"A wajenka."

Sai ta ƙara tambaya. Ta ce, "Ranar da ya faɗi, kana ina?"

"Ina aiki."

"Ina?"

"Cikin gari. Ban tuna ba."

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana kallon ƙafarsa. Sannan ta tashi ta kakkaɓe zane.

A gaban Hajiya ta ce, "Na gane mutumin. Ya zo jana'iza, ya ɗauki gawa. Ban ce na yarda da shi ba. Na ce na gane shi." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ban sani ba."

Hajiya ta kwance makulli. Ta ba Mami ƙyallen ƙanenta. Sauran ta tura mini da sanda, ba ta taɓa da hannu ba.

"Ɗaki kina ciki. Amma kayan nan ba za su sake kwana a gidana ba, kuma ba a nan za ki ɗinka su ba. Baranda ki tashi. Igiyar tsakar gida ba ke ba ita."

"Hajiya, a ɗaki ba haske."

"Na gama."

Da na so in kai masa buhun in jefar a ƙofa. Matarsa ba za ta karɓa ba, ni kuma na riga na yanka, riga ba ta koma riga. Babban nan na rumfar Ndogpassi ya ce in zo wajensu in yi. Na ari keken hannu wajen wani tela mai yawo, na riƙa zuwa da safe. Sitacin ya lalace, wasu sun yi funfuna a ɗakin gawayi, sai da na sake wankewa. A kan baburansu na shanya, suka bar mini su suna zafi a rana. Nan ba wanda ya yi ihu. In na ɗora kwali zan zaga da alli sai su taru a kaina. Wannan tirela ce ta bi ta kansa. Wannan ɓarayi ne suka hau a matsayin fasinja. Wannan mashayi ne, kowa ya san zai faɗi. Wannan ya bar mata da ciki. Wani ya ce, "Mama, ki bar wa wannan wuri babba, shi ma da ransa ba ya matsa wa kowa." Suka yi dariya. Na ce kwali ɗaya ne, kowa daidai da kowa.

Akwai fuska ɗaya da ba wanda ya sani. Dattijo ne da hula irin ta mutanen yammacin ƙasar nan, ba kamar ɗan babur ba. Na zaga da ita rumfar, kowa ya girgiza kai, har babban nasu. Gurbin ƙanen Mami na cike da farin ƙyalle. Na dattijon na ajiye gefe har na je Nylon na nuna wa mai kayan.

"Wannan fa? Abokanka ba su san shi ba."

"Ba ɗan babur ba ne."

"Waye?"

"Ki sa shi a ciki, Inna."

Na jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Na sa shi a kusurwa, na rufe da atamfa gaba da baya, na bi da ɗinki, na kalmashe. Bargon ya yi nauyi, ya yi kyau, in ka gan shi ba ka ce akwai komai a ciki ba. Babban nasu ne ya karɓa ya ajiye, ya ce sai ranar da mai shi zai hau mota. Na ji daga baya ƙafar ta warke da ɗingishi, ya tafi arewa. Ko fasinja ne dattijon nan da ya faɗi da shi, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Na daina tambayar kaina.

Ɗaki ya tsira mini. Keke ya koma ciki, kusa da gado, ƙofa a buɗe don haske. Direbobi da suka dawo bayan damina wasu sun leƙo ba su gan ni a baranda ba, suka ɗauka na tashi. Wasu an gaya musu labari a bakin lungu, suka juya. Waɗanda suka rage su nake yi wa. Shanya kuwa sai na ɗauka a kai zuwa bayan wani gareji, in zauna in tsare har ta bushe.

Mami ta kai ƙyallen ƙanenta wajen wani tela aka kalmashe mata baki, ta rataye a ɗakinta. Ba ta sake kawo mini facin kayan makaranta ba. Muna gaisawa a bakin famfo. Da layya na aika mata nama, ta karɓa, ta yi godiya. Wankinta dai tun daga lokacin a bayan gida take shanyawa, inda ba na bi.